Mutumin da Ka Bari a Ƙasan Teku

Zuwa ga Malam,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, da addu'ar Allah ya sa kana cikin rahamarsa, ya yalwata maka makwanci. Na san ba za ka karanta wannan takarda ba. Ko da kana da rai ma ba lallai ka kai ƙarshenta ba, don na san halinka: ka karanta layi uku, ka ninke, ka cusa a aljihu, ka ce ai ka gane. To yau ba ka da damar katse ni, saboda haka zan zazzage abin da ke cikina.

Malam, kai wane irin mutum ne? Wa yake ajiye wasa a cikin kogo, can ƙasan teku, numfashi saura ƙiris, ya rufe kwamfuta ya ɗauki hularsa ya tafi Bilbis? Mako uku ke nan ina fama da wannan aika-aikar taka. Amma bari in fara ba ka labarin gida, kada ka ce na zo da faɗa ko gaisawa ba mu yi ba.

Kowa lafiya. 'Yarmu Asma'u ta sauka a Bungudu, namiji, an mayar masa da sunanka. Ga shi an ƙara mini wani wanda ba zan iya kiran sunansa ba, Abba muke ce masa. Ban je suna ba, ina takaba, hoto aka turo mini, kuma goshinka ne sak. Inna, mahaifiyarka, tana nan Bilbis, ƙafar ce dai har yanzu, amma tana cin abinci. Yayarka Hajiya Kulu ta baro Tsafe ta tare a nan tana taya ni zama, Allah ya saka mata, ko da yake ta sauya wa kowace tukunya mazauni a kicin. An kawo dawar gonar Mada, ta yi kyau bana. Famfon tsakar gida da ka ce za ka gyara in ka dawo yana nan yana ɗiga.

Yanzu maganar kwamfuta. Malam Garba mai kula da sito a ofishinku ya zo gaisuwa sau biyu bai iya faɗin abin da ya kawo shi ba. A na uku, bayan dogon kame-kame daga zaure, ya ce kwamfutar ta gwamnati ce, za a goge duk abin da ke ciki a ba wanda ya gaji kujerarka. Ya ba ni mako uku in kwashe hotunanmu. Gobe Litinin wa'adin ya cika.

Hotunan a yini ɗaya na kwashe su. Ina shirin rufewa na hango gem ɗin, wasan tekun nan naka, wanda ya cinye maka duk bayan la'asar har shekara biyu. Sau nawa ka ce in zo in ga gidan da kake ginawa a ƙarƙashin ruwa? Sau nawa na ce maka ni gidan da ke kan tudu ma bai bar ni na huta ba? Ranar dai na danna. Na zaɓi inda ka tsaya, wai in leƙa gidan sau ɗaya kafin a goge.

Ban ga gida ba. Duhu na gani, da hannaye biyu, ɗaya riƙe da tocila, dutse sama dutse ƙasa. Sai wata muryar mace ta yi magana da Turanci, a natse kamar hedimistires, wai iska ta kusa ƙarewa. Na rasa abin yi. Na danna wannan, na danna wancan, mutumin ya juya ya gwara kai da dutse. Fuskar kwamfutar ta fara duhu daga gefe-gefe, hannayen suka saki, shi ke nan. Na ture kwamfutar na tashi na shige ɗaki.

Na san ba kai ba ne. Ni malamar makaranta ce, ba sai an gaya mini zane ne kawai da wutar lantarki ba. Kai kana kabarinka a Bilbis, addu'a kake buƙata, kuma ina yi maka ita bayan kowace salla. Amma ka duba mini. Ka bar gidan nan ranar Alhamis da ƙafarka, za ka gaida Inna ka dawo Asabar. Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci ka yanke jiki ka faɗi a zaurenta. Kafin a same ni a waya, kafin in sami mota, kafin mu wuce Tsafe, an yi maka sutura. Na isa maza suna dawowa daga maƙabarta. Ban ga fuskarka ba, ko ruwa ban ba ka ba. Ka fita ba ka dawo ba. Yanzu kuma in zauna ina kallon wani da ka bari shi ma ya mutu a waje, yana hannuna?

Washegari na gano cewa in na kashe wasan ban ajiye ba, yana komawa daidai inda ka bar shi: kogon nan, tocilar nan, da numfashin da bai kai mutum ya karanta Fatiha biyu ba. Sai na ƙudurta a raina, kafin Malam Garba ya dawo sai na fito da mutumin nan na kai shi gidan da ka gina. Ko goge shi za a yi, a goge shi yana cikin gida.

Tunda ko juyawa ban iya ba, na buɗe sabon wasa nawa na kaina don in koya. A nan na san na ɗebo wa kaina aiki. Wai jirgi ne ya faɗo daga sama, ni kaɗai na tsira, ina cikin wani ɗan ɗaki mai yawo a kan ruwa, girmansa bai wuce tankinmu ba. Gabas ruwa, yamma ruwa. Ba wanda ya ce mini ga abin da zan yi. Haba, ko ɗan aji ɗaya ai da baƙi da wasali ake fara masa! Ni da aka haifa a Bungudu, gulbi na bayan gidanmu amma tsohuwarmu ba ta taɓa bari ruwa ya wuce mana idon sawu ba, ni ce da furfurata nake koyon iyo da yatsu uku na hagu da linzamin kwamfuta a dama. Ranar farko rabin lokacin sama nake kallo, rabi ƙasa, ina ta juyi a wuri ɗaya har jiri ya kama ni na gaske. Hajiya Kulu ta ɗauka jinina ne ya hau, ta jiƙo mini zoɓo ba sukari.

Rana ta biyu yunwa ta kashe ni. Ni, Malam! Ni da na ciyar da gidan nan shekara ashirin da shida, ban taɓa barin baƙonka ya kwana da yunwa ba, yunwa ta kashe ni a tsakiyar kifi. Da hannu ake kama su, kuma sun fi ni wayo. Da ƙyar na cafke guda, na kai wa injin da ke jikin bangon ɗakin, ya gasa shi ba mai, ba gishiri, ba albasa. Irin wannan girkin kake ci shekara biyu ba ka taɓa ƙorafi ba, amma miyata in yaji ya ɗan yi yawa sai an ji bakinka? Ina gamawa da yunwa ƙishirwa ta taso. Mutum yana cikin ruwa tsundum, ƙishirwa na neman ransa. Sai da na sha wuya na gane akwai wani kumburarren kifi da injin ke matsewa ya ba ka ruwan sha kwalba guda.

Sai maganar ƙira. Komai sai ka ƙera da kanka, daga wuƙa har tukunyar iskar da ake goyawa a baya. Wuƙa tana son ƙarfe da roba. Ƙarfe sai ka fasa duwatsu, goma ka fasa kafin ka dace da wanda kake nema. Roba kuma daga 'ya'yan wata doguwar ciyawa ake yin ta, ciyawar tana can inda wani kifi mai haƙora yake sintiri, wanda ba a tunkararsa sai da wuƙa. Wato kafin ka sami wuƙa sai ka je inda ake buƙatar wuƙa. Ka gaya mini gaskiya, wanda ya tsara wannan abu ba a ofishinku ya yi aiki ba?

Nawa laifin kuma ban ɓoye ba. Ka san ni ba na iya wuce abu a ƙasa. Duk ƙwanso, duk tsakuwa mai sheƙi, duk ganye, na tsince na zuba a jaka ko wata rana zai yi amfani. Ranar da na yi sa'ar jan ƙarfen da na kwana uku ina nema, jaka ta cika maƙil da tarkace. Ina tsaye ina shawarar abin da zan zubar, hedimistires ta yi magana, kafin in kai sama na nutse.

Amma abin da ya fi kashe ni salla ce, Allah ya yafe mini wannan magana. Ana kiran azahar sai in miƙe kamar yadda na saba, in bar komai in tafi alwala. In idar in dawo in tarar na daɗe da mutuwa, duk abin da na tara ya watse a teku. Sau uku ana yi mini haka kafin in gano akwai maɓallin da ke tsayar da wasan cak. In mata sun yi sallama sun zo gaisuwa, nakan yi wuf in rufa wa kwamfutar mayafi don kada a fita da ni a baki, in zauna ina amsa ya haƙuri, ina jin muryar matar nan ƙasa-ƙasa daga ƙarƙashin mayafi tana sanar da ajalina.

A nan na tuna yatsan nan naka. In na kira ka cin abinci, ko ladan ya ɗaga murya, sai ka ɗaga mini yatsa ɗaya ka ce bari ka kai sama tukuna. Wallahi yatsan nan ya sha ƙona mini rai. Na ɗauka raini ne. Ashe da gaske sama kake nema.

Tunda an zo nan, bari in sauke wani nauyi. Ka tuna bara, ranar da 'yan'uwana suka zo daga Kekun Waje, ka gaisa da su a tsaitsaye ka koma kan kwamfuta, har aka kira magariba ka fita masallaci ka bar ta a buɗe? Ka dawo ka tarar ta mutu, ginin da ka yini kana yi ya tafi. Ka ɗora wa batir laifi, har ka kai ta wurin mai gyara ya duba ya ce lafiyarta ƙalau. Ba batir ba ne. Ni ce. Na danne maɓallin kashewa da babban yatsana har ta ɗauke, kuma na ji daɗi a lokacin. Yanzu da na san wahalar tara ƙarfen ɗaki guda, kunya ta ishe ni. Ka yafe mini.

Hajiya Kulu da farko ba ta ji daɗin abin ba ko kaɗan. Ta ce mace mai takaba carbi ya kamata a gani a hannunta, ba wasan yara ba, kuma me za ta ce wa Inna in labari ya kai Bilbis. Na ƙyale ta har kwana goma. Ran nan na gaji, na buɗe mata naka, na ce ta zo ta ga inda ƙanenta ya bar mutum. Ta tsaya a kaina har hannayen suka saki. Ta juya ta fita. Washegari bayan la'asar sai ga ta ta jawo tabarma kusa da ni, carbi a hannu, idonta a kan lambar iska. In ta yi ƙasa sai ta doke ni a gwiwa. Gwiwata ta hagu har yanzu tsami take. Kuma da ka ji irin zagin da yayarka ke yi wa kifin nan mai haƙora, da ka ce ba ita ce ta je Makka sau biyu ba.

Mijin Asma'u ya bugo waya ya ce in kwantar da hankalina, ana iya kwafe wasan a filash, ɗan abin adana bayanan nan da ake soka wa kwamfuta, a ajiye. Na yi masa godiya. Me zan yi da filash? In sa shi a kwalla tare da 'yan kunnena, mutum na ciki yana nutsewa har abada?

Kullum in na gama koyo a nawa, sai in gwada naka. Na iya iyo, na iya juyawa, na haddace kogon: a yi ƙasa tukuna, a bi hagu, a kutsa ta wata 'yar kafa, sannan a miƙe sama. Amma kullum a wuri ɗaya abin ke ƙarewa. Ina hango hasken bakin kogo, duhu zai rufe. Na daina ƙirga sau nawa. Na yi maka faɗa da ƙarfi, Malam, a gaban yayarka. Na ce ganganci ne irin naka, ka shiga rami ba shiri, kamar yadda kake hawa hanya ba ka duba tayar mota ba, kamar yadda ka bar maganin hawan jininka a kan firji ka tafi. Na ce kai kullum sai ka bar wa mutum aiki.

Shekaranjiya Juma'a, saura kwana uku, na sake kashe shi a daidai wurin nan, na kifa kai a gwiwa. Sai Hajiya Kulu ta tambaye ni ko na taɓa duba abin da ke cikin jakarsa. Na ɗago na dube ta. A nawa wasan, sau ɗari nake buɗe jaka a yini. Amma taka? Ko sau ɗaya hannuna bai je wurin ba, kuma ban ma lura ba. Shekara ashirin da shida ban taɓa sa hannu a aljihunka ba. Ko wanki zan yi, kawo maka rigar nake ka zazzage da kanka, haka aka tarbiyyantar da ni. Hajiya ta ce ita ce babba, ta ba ni izini, in buɗe.

Na buɗe. Tukunyar iska ta biyu, cike taf. Ruwa kwalba biyu, busasshen kifi, bandeji, batirin tocila. Ashe da shirinka ka shiga. Mako uku ina kashe bawan Allah, ina zaginka, maganin yana rataye a bayansa! To kai ma, don Allah, me ya hana ka sauya tukunyar kafin ka ajiye? Daƙiƙa nawa zai ɗauke ka?

Na sauya ta. Ƙasa, hagu, kafa, sama. Wannan karon hasken bai gudu ba. Muka fito fili, ruwa shuɗi, ga wata 'yar alama can nesa da ka rubuta wa Gida. Na saita ta na yi ta iyo. Wani ƙaton abu ya yi gurnani ta bayanmu, Hajiya ta ƙanƙame mini hannu tana salati, na ce ta sake ni ko mu mutu gaba ɗaya. Ban waiwaya ba har na taɓa ƙofar.

Na ga gidan naka. Daga waje ya yi kyau, ban hana ka ba, ɗakuna zagaye-zagaye a kan farin yashi. Amma ciki! Akwatuna goma sha wani abu, batir tare da kifi, ƙarfe tare da iri, ruɓaɓɓen abinci a cikin na kayan aiki. Ɗakinka na nan gidan sak. Jiya Asabar yini na yi ina kimtsa maka, ina mita, Hajiya na nuna mini inda kowane abu ya dace.

A cikin kimtsawar na shiga ɗakin ƙarshe. Injin girki ne a ciki, da tukwanen shuka, kuma bangon gabansa gaba ɗaya gilashi ne, kifaye na wucewa, haske na saukowa daga sama. Shekara nawa ina roƙonka ka fasa mini taga a kicin, hayaƙi na cin idona, kana cewa sai bayan damina? A nan ka ga damar yi mini ita? A teku? Abin da kake ta kira na in zo in gani ke nan? Ba ka da baki ne, Malam? Na zauna na yi kuka mai isata, ina jin haushinka, ina kewarka, ban san wanda ya fi yawa ba.

Saura abu ɗaya ban faɗa ba, shi ne mai nauyin. Ranar Alhamis ɗin nan, direba na ta hon a ƙofar gida, na gama ɗaure wa Inna tsarabarta, kai kana kan kwamfuta ka ɗaga mini yatsa. Na fusata na shige kicin. Na ji ka rufe ta da sauri, na ji takunka a tsakar gida, ka tsaya ka ce ka tafi sai ka dawo. Ina jin ka sarai. Na ƙara ƙarfin kankare tukunya don ka san na yi fushi. Ban raka ka zaure ba, ban amsa ba. Saurin da na sa ka ne ya hana ka sauya tukunyar nan, na sani. Ka ɗan jira, sannan ka fita.

Yau bayan azahar na ba mutumin naka kifi ya ci, na ba shi ruwa, na tsayar da shi a cikin ɗaki, ƙofa a rufe, iska cike. Na ajiye, na kashe, na goge kwamfutar da tsumma na sa ta a jakarta. Gobe Malam Garba ya zo ya ɗauki kayan gwamnati, ba ni da sauran magana.

Ni na yafe maka duka, har da tagar. Abin da na hana ka ranar nan kuma, ga shi yau, ko da ya makara: Allah ya kiyaye hanya, Malam. A sauka lafiya. Sai mun zo.

Taka har kullum,
Hajara, uwar Asma'u
Gusau, ranar Lahadi bayan la'asar